Kaza Ta Taka, Saratu Tana Kwance

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, 'yan'uwana.

Ni dattijo ne a cikinku, amma yau da kunya na tsaya.

Da daminar bara matata Saratu ta zame a bakin rijiya, ƙashin kwatangwalonta ya karye. 'Yarmu Talatu ta ce mu kai ta asibiti a Kano. Na ƙi, don na san aikin zai cinye shanun huɗata, ga huɗa ta kama. Na kira mai ɗori daga wajen Shanono. Ya karya ƙafar kaza ya ɗaure, ya ɗaure Saratu, ya ce ranar da kazar ta taka ita ma za ta taka.

Kaza ta taka, ta koma tonon juji. Saratu tana kwance. Bayanta ya yi gyambo, tari ya kama ta, ta daina cin tuwo.

Na san wannan kwanciyar. Haka Inna, mahaifiyata, ta karye shekarun baya, ni na kira mata mai ɗori, ta rasu a ɗaki na ce ajali ne.

Wata safiya ina juya Saratu, ta ce, "Baban Talatu, tabarmar Inna ka shimfiɗa mini?"

Na fita bayan rumbu na durƙusa. Wayyo Yesu! Na ce ka gafarta mini ta farko, kada ka bar ni in binne ta biyu da hannuna. Da na tashi, shanun na kwance na kai kasuwa.

A asibiti likitan ƙashi ya ce mun makara, bai kuma taɓa ta ba sai da wani likita ya warkar da tarin, masu jinya suka yi ta wanke gyambon. Bayan aiki mai gashin ƙashi ya tsayar da ita. Bakinsu ɗaya, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Jinkirina ya ƙara kuɗin, har gonar fadama ta tafi jingina.

Ƙafarta ɗaya ta gajarce, ba za ta ƙara jan guga ba. Ni na jawo mata wannan. Amma ga ta can a bencin mata, da sandarta ta shigo. Godiya ga Yesu!

Ku dogara gare shi. In tsohonku ya faɗi, ku yi addu'a kuna kan hanyar asibiti. Kada ku jira kaza.