Kaska

A bencin jiran likitan ƙwaƙwalwa, mai ɗinki ta zauna kusa da wata uwa mai mita.

"Wai 'yata ciwo gare ta. Iskanci dai. Da safe ta rungume ki, da yamma ta tsine miki, ta yanki hannunta. Likita ya ce tun yarinta ne. Me Kaska ta rasa?"

"Kaska?"

"Ni na raɗa mata, don shegen naci. Tana manne min, ina ɓamɓare ta da mari. 'Yan makaranta suka ɗauka, har waƙa suke mata. In ta dawo da kuka, in ƙara mata, don ta yi ƙwari."

Mai ɗinkin ta dube ta sama da ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari, Mama. Ban taɓa ganin ciwo ya rako mara lafiya asibiti ba sai yau."