Sai Ka Zo Da Ɗan'uwa

A ɗakin jira na asibiti wani direban tirela ya zauna yana huci, ya dunƙule takarda a hannu. Tsohon da ke gefensa ya dube shi.

"Lafiya, ɗana?"

"Ina fa lafiya, Baba. Wata uku ina neman inda za a taimake ni in bar giya. Yau na samu, amma wai ba za su rubuta sunana ba sai ɗan'uwana ya zo ya sa hannu. Wane ɗan'uwa? Yayana ko sallamata ba ya amsawa."

"To ai kai ka jawo. Wa ya aike ka?"

"Ka ji irinta ko? Mutum ya faɗa rijiya yana ihu, ku tsaya tambayar wanda ya aike shi."

Tsohon ya daɗe yana murza hularsa.

"Haka na gaya wa nawa ɗan. Sau biyu ya roƙe ni in rako shi nan, na ce ba zan zubar da girmana ba. Bara muka binne shi."

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe.

"Wace ƙofa ce? Tashi mu je. In sun tambaya, ni kawunka ne."