Sunan Yaya a Gefen Layi

Auta: Salamu alaikum, Yaya Dogo.

Dogo: Wa alaikumus salam. Auta ne? Ya gida, ya Umma, ya ƙarin haƙuri?

Auta: Da godiya. Ya aiki, ya yara?

Dogo: Lafiya lau. Ka ɗan ɗaga murya, ina cikin mota. Umma ta fara cin abinci kuwa?

Auta: Tana taɓawa. Har yau kofi biyu take fitowa da su da safe, sai ta mayar da ɗaya.

Dogo: Allah ya jiƙan abokina. Ya manhajar asibitin da ya bar maka? Ka raba fayil ɗin nan?

Auta: Na raba.

Dogo: Madalla. Shekara uku ina fama da yayanka a kan wannan. Model, wato rukunin bayanai, har goma sha tara a fayil ɗaya, layi dubu biyu! In na yi magana ya ce shi ya san inda ya ajiye komai, kamar ɗakin gwauro.

Auta: Yadda ka ce na yi. Na buɗe folda, majiyyaci fayil ɗinsa, likita nasa, magani nasa, gado nasa. Na yi ƙaramin fayil a bakin foldar da ke kiran sunayensu duka.

Dogo: Majiyyaci da gado fa? Ba su riƙa kiran juna suna zagaye ba?

Auta: Sun yi kwana biyu, na warware.

Dogo: To ai ka zama injiniya. Me ya sa muryarka haka? Halo? Auta?

Auta: Ina ji. Ka san in ka ɗora alamar linzamin kwamfuta a kan layi, a gefe takan nuna wanda ya rubuta, da ranar, da ɗan bayanin da ya bari?

Dogo: Eh, tarihin aikin.

Auta: Shi Yaya ba bayanin aiki yake rubutawa ba. Sai ka ga ya sa, na gyara gado, ruwa ake yi, Auta bai dawo ba. Wani wajen ya sa, yau kaina na ciwo, gobe na ƙarasa. Tun da ya rasu, kullum nakan buɗe in bi layi-layi. Kamar yana zaune a kujerar yana gunaguni.

Dogo: Haka yake, Allah sarki.

Auta: Bayan na raba, jiya na ɗora alamar. Sunana na gani. Kowane layi sunana, da rana ɗaya. Abin da ban rubuta ko harafi ba.

Dogo: Wannan ba komai, kwantar da hankalinka. Ƙaura kawai layukan suka yi. Tarihin na nan a ɓoyayyar folda mai ɗigo a gaban sunanta. Zan nuna maka yadda ake... kana jina?

Auta: A ina ka ce take?

Dogo: Cikin babbar foldar aikin. Ba a ganinta sai an nema.

Auta: Yaya Dogo, sabuwar folda na yi. Na ga tsohuwar ta cika da tarkace, na kwashe abin da idona ya gani, na fara tarihi sabo. Tsohuwar na goge. Na share kwandon sharar kwamfutar ma, don wuri ya yi tsaf.

Dogo: Inna lillahi. Bai taɓa tura kwafi intanet ba?

Auta: Kai ma ka san shi.

Dogo: To saurara. Kashe kwamfutar yanzu, kar ka ƙara ajiye komai a kanta. Wani lokaci ana tono abin da aka goge in ba a rubuta wani a kai ba. Yaushe ne?

Auta: Yau kwana tara. Kullum a kanta nake aiki. Sai jiya na samu ƙarfin zuciyar leƙa gefen.

Dogo: Kwana tara.

Auta: Za a samu?

Dogo: Ka kawo ta dai mu gani.

Auta: Ba ka ce za a samu ba.

Dogo: Auta, ni na sa ka raba. Da na sani da na zo na zauna kusa da kai.

Auta: Ba laifinka ba ne. Ka san abin da ya fi cina? Manhajar na aiki. Shugabar ma'aikatan jinya har kirana ta yi ɗazu, wai hannuna ya fi na marigayi tsabta. Na cire shi gaba ɗaya daga aikinsa, na zauna ina jira wani abu ya lalace, ko jan rubutun kuskure ɗaya ya fito ya ce an rasa wani. Shiru. Komai na tafiya lafiya lau.

Dogo: Auta, ji mana, ina sauka zan...

Auta: Umma na kira. Sai an jima.