Hotona Ba Zai Hau Kwalbar Derrick Ba

Mai girma shugaban taro, Alhaji Mijinyawa, Rabaran, iyayenmu matan zumunta, 'yan kasuwar Kafanchan, da ku matasan can baya da ƙanshin shinkafa ya kawo: ina gaishe ku duka.

Na gode wa Derrick, ɗan yayata, da ya gayyace ni in ƙaddamar da wannan maganin gargajiya nasa, har yana son hotona a jikin kwalba. Ya iya zaɓe. Ni Silvanus Kambai, da dakon citta na fara a kasuwar Kwoi, yau tirela ke jira na. Sakandare kawai na yi, amma na iya karatu, kuma na karanta kwalbar nan.

Na farko, an rubuta tana maganin hawan jini, ciwon suga, basir, rashin haihuwa da mantuwa. Jama'a, saura kawai ta kawo mana wutar lantarki!

Na biyu, na tambayi Derrick wa ya gwada ta. Ya ce, "Kawu, mutane suna ba da shaida." Na ce, wanda ya sha bai warke ba fa, wa ya miƙa masa makirufo? Ni ko sabon taki ba na yarda da bakin mai sayarwa. Rabin gona nake zuba wa, rabi in bari, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, in jira kaka sikeli ya yi magana. Abin da nake yi wa citta, shi ne za a hana cikin ɗan Adam?

Na uku kuwa babu dariya a ciki. Ga yayata Afiniki can zaune, uwar Derrick. Tana da hawan jini, ta ajiye ƙwayoyin asibiti saboda kwalbar ɗanta. Da na kai ta awo, nas ta dubi lambar, ta dube ni, ta ce, "Da ƙafarta ta shigo?"

Derrick, ban ce ganye ba ya magani ba. Kai shi wurin masana su gwada yadda ya kamata, ni zan ɗauki nauyi. In ya ci jarrabawa, zan ba ka hoto har da babbar riga. Kafin nan, ba hoto, ba ƙaddamarwa.

Yaya, ƙwayoyinki suna aljihuna. A miƙo mata ruwa, a gabanmu za ta sha.

Ubangiji ya ƙara mata kwana, ya ba Derrick zuciyar sake gaishe ni, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.