Gonar Wilfred

A rumfar jiran bas ta ƙauyen Kettleby, Doreen na zaune da wani allo a kan cinya, tana lallaɓa shi don fentinsa bai bushe ba. Wani dattijo mai sanda ya leƙo ya karanta.

"'Gonar Wilfred.' Maigidanki ne, baiwar Allah?"

"Shi ne. Bara ya rasu. A bakin lambunmu zan kafa."

"Kin yi dabara. Ai haka garin nan ya samu suna. Wani Ketil ne ya ƙetaro teku daga arewa, ya sari daji, aka ce gonar Ketil. Kettleby ke nan a harshensu. Shekara dubu, har yau direban bas na kiran sunansa."

"To matarsa fa? Yaya sunanta?"

"Ba a rubuta ba."

"Ai na sani! Ita ta yi noman, ina gaya maka. Shekara arba'in ina tonon dankali, Wilfred bai taɓa riƙe fartanya ba. Wai ciwon baya."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "To goge mana, fentin ai ɗanye ne. Akwai garuruwa masu sunan mata. Sa naki."

Doreen ta janye allon, tana murmushi.

"Kul! Kullum ƙarfe goma sai ga Wilfred da butar shayi, ya kife bokiti ya zauna, yana ce mini layin shukata ya karkace. Dankali ko'ina ana samu, malam. Wannan surutun ne babu a kasuwa."