Sarewar Bappa Joda Tsakanin Fiyano Biyu

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Abdulmumini. Uwar ƙungiyar makaɗa da mawaƙan Gombe, Madam Selina. Malamanmu da fastocinmu da kuka zauna a benci ɗaya. 'Yan'uwana masu kiɗa da masu waƙa. Da ku da kuka taso tun daga Tumfure a keke, aka tsayar da ku a kowane shinge aka lalube ku, amma kuka iso: assalamu alaikum, salama gare ku baki ɗaya.

Sunana Babayo, mai ɗakin haɗa waƙa a Dawaki. Ina godiya da kuka ba ni dama, ina kuma godiya da kuka yarda muka taru, a lokacin da taruwa kanta ta zama abin tsoro. Ƙungiya za ta ajiye fiyano ɗaya tak a sabon zaurenta, gardama kuma ta ƙi ƙarewa: wasu na son wokisteshan, wasu na son sintisaiza. Aka ce in raba gardamar.

Na farko, wokisteshan fiyanon ɗaki ne. A cikinsa akwai ganga, akwai kalangu, akwai goge. Ka buga ganga ya riƙe, ka ɗora goge ya riƙe, ka ɗora murya ya riƙe, ɗaya bisa ɗaya, har mutum guda ya tashi da waƙar da a da sai mutum goma. Ba ya mantuwa, ba ya gajiya.

Na biyu, sintisaiza fiyanon dandali ne. Ba ya tara waƙa, sauti ake ƙerawa da shi nan take. Ka murɗa nan ya yi kauri kamar hadari daga nesa, ka ja can ya sirance kamar iska a cikin karan dawa. Ka ɗaga hannu, shi ke nan, ya tafi. Kuma shi kaɗai ba ya cika waƙa, sai da mai ganga, sai da mai murya.

Na uku ba bayani ba ne, labari ne, ku yi haƙuri da ni.

Kafin bama-bamai su fara tashi a garin nan, wani dattijo makiyayi daga Kwadon, Bappa Joda, ya shigo ɗakina da sarewarsa ta kara. Ya busa, na ɗauka a wokisteshan, ya yi ta dariya da ya ji kansa yana fitowa daga akwati. Bayan wata bakwai ya shiga motar kasuwar shanu zuwa gabas. Har yau ba shi, ba labarinsa.

Da bama-bamai suka fara tashi, sai bukukuwa suka tsaya, ni ma na rufe kaina a ɗaki. Nakan sa abin saurare a kunne in kunna sarewar nan, sai bango ya ɓace, in ga dutsen Bima cikin yayyafi, in ga fararen shanu suna gangarowa a hankali, babu shinge, babu jiniya. Na kusa shekara a cikin wannan mafarki, ina haɗa waƙoƙin da babu mai rawa da su.

Wata safiya matarsa, Inna Fadimatu, ta yi sallama. Ta tarar da abokina Noah, mai kaɗa fiyano a wata majami'a a Tumfure, wanda ya ajiye sintisaizarsa a wurina tun da aka hana shiga majami'a da manyan jakunkuna. Ta ce an gaya mata muryar sarewar maigidanta tana nan. Na kunna mata. Ta ce in sake. Na sake, har sau uku.

Sai ta ce, "Malam Babayo, shi ne. Amma shi bai taɓa busa ta iri ɗaya sau biyu ba. In ya ga ina saurare sai ya ja ta, ya tsokane ni da ita."

Noah ya jawo fiyanonsa kan cinya, ya ce, "Inna, in amsa masa?"

Ta gyaɗa kai. Ya murɗa, ya murɗa, har ya samo wani siririn sauti mai numfashi. Na sake kunnawa, sarewa ta yi kira, shi ya amsa, idonsa a kan fuskarta. Ta lumshe ido sai ya ja, ta ɗaga gira sai ya karkata. Can ta fara rera wata waƙa da Fulatanci, ƙasa-ƙasa. Sannan ta ɗago hannu wajena, ta ce, "Kashe, bar Joda ya huta." Ta juya ga Noah, ta ce, "Kai ci gaba, ɗana."

Jama'a, ni da sana'ata ɗaukar sauti ce, na manta ban ɗauka ba. Abin da aka yi a ɗakin nan babu shi a ko'ina yau, sai a zukatanmu mu uku.

Ba na raina wokisteshan. Ba don shi ba, da Inna ba ta sake jin mijinta ba. Amma a zaure, ku ajiye fiyanon dandali. Ku ajiye shi don yana tilasta wa mutum ya nemi ɗan'uwansa, ku ajiye shi don yana kallon fuska kafin ya yi magana, ku ajiye shi don mun daɗe a ɗaki.

Asabar mai zuwa, da rana, za a ɗaura auren 'yar Inna da Bappa Joda, Hikima, malamar firamare, a Kwadon. Inna ta ce makaɗa take so, masu rai, a tsaye a ƙofar gidanta. Ni da Noah za mu je. Ba mu da mai ganga, ba mu da mai waƙa. Ba zan yi muku alkawarin hanya lafiya take ba, Allah kaɗai Ya san wannan. Wanda zai iya, ya same mu a Dawaki da hantsi.

Allah Ya bayyana Bappa Joda da duk waɗanda hanya ta riƙe. Allah Ya sanyaya zukatan masu jira. Allah Ya zaunar da Gombe lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya kai mu Kwadon mu dawo.

Na gode da kuka saurare ni.