Mutum-mutumin Mai Tabo da Rumfunanmu

Mai girma shugaban taro, 'yan majalisar gari, malamai, iyayenmu mata masu sayar da kifi, da sauran jama'ar da suka cika wannan zaure, assalamu alaikum.

A madadin masu rumfunan bakin gaɓa, ina godiya da aka ba ni dama in yabi Mai Tabo, dolfin, wato ƙaton kifin nan da ya fi dukanmu suna. Shekara da shekaru ina ciniki ba wanda ya ɗauki hotona, shi kuwa tsalle ɗaya ya yi duniya ta san shi. Ya cancanci mutum-mutumin da majalisa za ta gina masa. Sai dai an ce a inda rumfunanmu suke za a kafa shi, mu kuma mu koma bayan tasha. A nan kaina ya ɗaure.

Da farko, an ce ya ceci wani mai kwalekwale daga nutsewa. Na tambayi mai kwalekwale, ya ce, "Wallahi a bayansa na hau har tudu." Na tambayi matarsa, ta ce, "Rabu da shi, ruwan iya gwiwa ne." To, wanne za a sassaƙa?

Na biyu, malamin makaranta ya ce ba ma kifi ba ne, shayarwa yake yi kamar akuya. Ni dai na kalle shi da kyau, ban ga inda nonon yake ba, amma malam ya fi ni karatu.

Na uku, kuma shi ne ya fi rikita ni. Kullum da safe Inna mai gyaran kifi takan watsa hanji da kawuna a ruwa daga bayan rumfarta, sai ga Mai Tabo. Ranar da ta kwanta zazzaɓi bai zo ba, baƙi suka yini da kyamara a hannu suna kallon ruwa. Majalisa ta ce ƙaunar garin nan ke kawo shi. Mai yiwuwa ne. Wataƙila ranar shi ma zazzaɓin yake yi.

Allah Ya ƙara wa shugabanni basira, Ya ba Inna lafiya, Ya ja kwanan Mai Tabo, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.

Af, ranka ya daɗe, in mun koma bayan tasha, cikinku wa zai riƙa sammako da bokitin hanji?